Cafkar Bakin Layi da Matuƙan Jirgin Warra

Shekaranjiya wani saurayi ya shigo shagona, ko sallama bai yi ba, ya dire mini fad a kan tebur, wato abin nan da ake riƙewa a buga gem. Wai botin ɗaya ya ƙi aiki, kuma sauri yake. Na kwance bayansa na ɗaga murfi. Abin da na tarar a ciki busasshen kunu ne, da ƙayar kifi, da tururuwa sun yi gida. Na goge allon wayoyin cikinsa da sifirit da tsohon burushin haƙori, na canza robar da ta tsage, na rufe. Da na miƙa mashi sai ya dubi abokinsa da ya rako shi ya ce, "Ka gani ko? Wanga aiki ba komai ba ne. Ni ma in na samu jari gidan gem zan buɗe, in zauna ƙarƙashin fanka ana shigowa ana fita." Saboda shi da irinsa nake wanga rubutu. Boko na tsaya a aji biyu na sakandare, don haka wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa, kada ya kawo mini.

Sunana Garba, a Yelwa Garba Mai Gem ake ce mini. Shagona yana kan hanyar da ta gangara kwata, inda jirage ke tsayawa. Ba da gem na fara ba. Da na bar makaranta Inna ta kama hannuna ta kai ni wurin Malam Umaru mai gyaran rediyo, bayan rumfunan masu banda. Mutum ne marar magana, kuma bai yarda da tambaya ba. Ƙarfen sodarsa a garwashi ake gasa shi, ni ke fifita. Na daɗe ina fifita kafin ya bari in ɗiga dalma a kan komai, kuma da ya bari, a kan matattun rediyoyi ne waɗanda masu su sunka manta da su. In ɗigon ya yi tuli ya kankare ya ce in sake. In ya yi kyau sai dai ya tura mini wani. Ku yanzu sai ku kalli bidiyo a waya ku ce kun iya. Ni sai da yatsuna sunka daina jin zafi.

Kayan aikina ba su cika gwangwanin madara babba ba. Sukundireba ƙanana, hantsaki, mita, ƙarfen soda, dalma, sifirit, da robobi da ƙananan sandunan tuƙa ɗan wasa da nake cirowa daga fad ɗin da sunka mutu. Ba na jefar da matacce. Amma kayan aikin da ya fi kowanne tsare mini dukiya shi ne bokitin ruwa da sabulu a bakin ƙofa. Garin kifi ne nan. Mutum zai taso daga wurin banda, ko ya gama cin soyayye, man yana yatsunsa, ya zo ya damƙi fad. Man nan yana bi ta gefen botin ya sauka a kan roba, ya kama ƙura, ya zama danƙo. Don haka a shagona ko ɗan wa kake sai ka wanke hannu. An zage ni a kai, an ce ina yi wa mutane kallon ƙazamai. Wasu sun yi fushi sun tafi. Sun je sun kashe wa wasu fad, ba ni ba. Sauran dokoki biyu ne: in an kira salla ina kashe janareta, kuma mai kayan makaranta a jiki ba ya wuce bokiti. Duk da haka akwai dattawan da har gobe in na gaishe su sai su amsa da hanci.

Wani injin gem da na saya na gwanjo, wanda aka kawo mini daga Anacha, shi ya shigo da ƙwallon Amurka garin nan. Da na kunna sai na ji faifai a cikinsa, mai shi na can ƙasar waje ya manta bai cire ba. Na zaci tamaula ce. Sai ga ƙarti da hular kwano, kafaɗu kamar an cusa masu filo, suna rungumar wata ƙwallo mai siffar gwanda suna kayar da juna. Samari sunka yi dariya sunka ce in cire. Ban cire ba. Duk lokacin da shago ya yi shiru sai in zauna da shi. Turancin mai sharhin ba na kama ko rabinsa, don haka da ido na koya: in yi abu, in ga alƙali ya ɗaga hannu ko ya kaɗa, in gane an karɓa ko an zubar.

Abin da ya fi ba ni wuya, kuma shi ne ya zama abincina daga baya, shi ne cafkar ƙwallo a bakin layi. Ku saurara, don a nan kowa ke faɗuwa. A tamaular da kunka saba, ƙwallo ake kallo. In tana ciki, ko mai ita yana waje wasa na tafiya. A ƙwallon Amurka ƙafa ake kallo. Ƙwallo tana iya kasancewa can waje a iska, in dai mai cafka ya miƙa hannu ya riƙe ta kuma ƙafafunsa biyu sunka taɓa ciyawa ta ciki, ta zauna. Yatsa ɗaya ya taka farin layi, an zubar, kamar ba a yi ba. To mi zai kai mutum can? Abu biyu. Masu tsaro ba su iya zagaye ka ta waje, kuma in ka cafke sannan ka fita, agogo yana tsayawa. In wasa ya zo ƙarshe ana binka da ci, ba ka da wata hanya sai bakin layi.

Yadda ake yi kuwa, jifa za ka yi tun kafin mutuminka ya juyo, ka kai ƙwallon ta wajen kafaɗarsa ta waje inda mai tsaro ba zai kai ba. Tana iska ka koma kan mai cafkar. Botin cafka uku ne. Akwai na cafka a ci gaba da gudu, wanda zai fitar da kai waje da ƙafa ɗaya. Akwai na tsalle, wanda zai sauke ka a kan layi. Naka shi ne na ƙasa, na riƙewa a tsaya, shi ke sa ɗan wasan ya ja yatsun ƙafarsa a ciyawa. Ka saki na gudu. 'Yar sandar da kake turawa da babban yatsa kuwa, ka ɗan karkato ta ciki, kaɗan, kamar mai taɓa jariri. Duk wannan cikin ƙiftawar ido.

Nan na gano amfaninsa ga sana'ata. Botin ƙasan nan shi ne na ba da ƙwallo a tamaula, shi ya fi kowanne shan duka, shi ke fara mutuwa. Tamaula tana haƙuri da fad mai ciwo, in botin ya makara kaɗan ba wanda zai lura. Bakin layi ba ya haƙuri. In roba ta gaji, ko sanda tana ja gefe da kanta, ɗan wasa zai fita. Tun daga nan duk fad ɗin da na gyara, ko na saya, sai na kai shi bakin layi, dama da hagu. Wanda ya cafke ya hau tebur. Wanda ya fita ya koma gwangwani.

Sai muguwar shekara ta zo. Fetur ya tashi, ya zama in na tayar da janareta don mutum biyu, mai gidan mai nake yi wa aiki. Wuta kuwa, ga ruwan da ake yi wa ƙasa lantarki da shi a gabanmu muna wanka a ciki, amma sai dai mu gan ta a baƙunci. Samarin gari sunka koma buga gem a waya. Wani ɗan masu hali ya buɗe gida mai sola da manyan talabijin a cikin gari, ya kwashe sauran. Damina ta ƙara da nata, ruwa ya hau har cikin shago ya kashe mini inji biyu. Na rage da biyu, ga iyali.

Waɗanda sunka riƙe ni a shekarar nan matuƙan jiragen inji ne na garin Warra. Ranar kasuwa sukan kawo fasinja da kaya da hantsi, kuma ba su da abin yi sai la'asar in mutane sun gama ciniki. Da a gindin bishiya suke kwana. Wata rana babbansu, Kyaftin Manu, ya leƙo ya ga ƙartin nan suna karo, ya ce, "Yauwa, ga wasan maza. Ba wancan na 'yan rawa ba." Ƙato ne, muryarsa ta saba da ƙarar inji, ko gaisuwa yake sai ka ce faɗa ne. Inda ya zauna nan sauran matuƙa ke zama. Abin da nake samu ranar kasuwa shi ke ɗaukar shagon har wata kasuwar. In sunka daina zuwa, sai in sayar da injinan in koma dakon kwandon kifi a kwata. Ba ni da wani lissafi bayan wannan.

Wata ranar kasuwa Kyaftin ya zauna da Nasiru, wani ɗan kabu-kabu na nan Yelwa, mai ɗan banzan baki. Shago ya cika, 'yan Warra a bayan nasu, 'yan Yelwa a bayan nasu. Wasa ya zo ƙarshe, Nasiru na gaba da kaɗan, ƙwallo a hannun Kyaftin. Ya jefa bakin layin dama, jifa mai kyau, ba mai tsaro kusa. Mutuminsa ya miƙa hannu, sai kawai ya karkata ya fita waje da ƙwallon. Ya sake jefawa, ya sake fita. Agogo ya cinye.

Nasiru ya miƙe yana kaɗa makullin babur. "Kyaftin, nan ba ruwa ba ne, tudu ne! In ka ga farin layi birki ake takawa. Au, na manta, jirgi ba shi da birki."

Kyaftin bai kula shi ba. Ni ya juyo ya duba. "Garba, wanga fad da ka ba ni, mi ke gare shi?"

Na ce, "Lafiyarsa lau. Da safen nan na gwada shi."

"Ja yake. Duk na zo bakin layi sai ya ja ni waje. Ka ba ɗan garinku mai kyau, ka ba baƙo mai ciwo."

Na karɓi fad ɗin a gabansu, na jefa bakin layin dama na cafke, na jefa na hagu na cafke. Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ƙara mata mai na yi. Wani cikin matuƙan ya ce, "Ai dole, shi ya san inda ciwon yake, ya san yadda zai kauce mashi." Wani ya ce shi ma haka ake yi mashi kullum, wani ma ya ce haka. Ni kuma bakina ba ya da murfi. Na ce, "Kyaftin, in mutum bai iya ba ya ce bai iya ba." Ya tashi, ya sa hularsa, ya ce, "Ku taso." Sunka fita gaba ɗaya, har wanda bai gama wasansa ba.

Kasuwa ta zagayo, ina jin ƙarar injinansu a kwata, ba wanda ya hawo. Ta sake zagayowa, haka. Na kwance fad ɗin nan har ƙashinsa, na auna da mita, ba abin da ya same shi. Amma wani abu ya tsaya mini. Masunta masu tuƙi da filafili suna zuwa jefi-jefi, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya yi wanga kuka ba. 'Yan kabu-kabu ma haka. Matuƙan inji kaɗai ke cewa ana jan su waje.

Ranar kasuwa ta gaba na rufe shago da la'asar na gangara kwata, na shiga jirgin Kyaftin kamar kowane fasinja. Ya gan ni, ya kau da kai. Na ratsa buhunan shinkafa da akuyoyi na zauna can baya, kusa da shi. Ya ce, "Mai Gem, in ban haƙuri ka zo yi, ka yi asarar kuɗin jirgi." Na ce, "Warra za ni, ina da dangi." Ba ni da kowa a Warra.

Mun yi nisa, sai munka zo wani wuri da ruwa ya matse, ga gaɓa ta taso ta hannun dama, ga kututturan itace a bakinta. Jirgi ya nufe ta. Ina kallon hannun Kyaftin a kan mariƙin inji. Bai ko dubi hannun ba, yana faɗa da wata mata a kan kajinta, sai ya tura mariƙin dama, wajen gaɓar. Jirgi ya juya hagu ya bar ta. Can gaba gaɓa ta zo ta hagu, ya tura hagu, jirgi ya yi dama. Haka injin jirgi yake, inda kake gudu can kake tura mariƙi. Mutumin nan tun yana yaro yake wanga aiki. A tsakiyar fili, da natsuwa, kansa ke tuƙa ɗan wasa, yana tura sanda daidai. Amma in ya ga farin layi ya taso mashi, ga ihu, ga agogo, ba kansa ke aiki ba, hannun jirgi ne. Sai ya tura wajen layin don ya kauce mashi.

Wanda ya tashi da mutanensa don an ce bai iya ba, ba za ka gaya mashi a gaban fasinjansa cewa hannunsa ne ke cin amanarsa ba. Na kwana a masallacin kwatar Warra, da safe na biyo motar kifi na dawo.

Aikin bai ɗauke ni wuni ba. A ƙarƙashin 'yar sandar akwai wasu ƙananan abubuwa biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na dama da hagu, kowanne da ƙafa uku. Irinsu ɗaya da abin ƙara murya na rediyo, kuma Malam Umaru ya taɓa nuna mini cewa in ka musanya ƙafafun gefe biyu, sai abin ya yi aiki a juye. Na yanke hanyoyin biyu a kan allo da reza, na ɗauko siririyar waya daga tsohuwar rediyo, na haɗa su a gicciye. Wurin bai kai ƙwayar shinkafa ba, in dalma ta zarce fad ya tafi. Na rufe, na kunna. In na tura dama, ɗan wasa ya yi hagu. Na ɗaura mashi jan zaren koma don kada ya ɓace cikin sauran.

Ranar kasuwa na gangara kwata da shi a aljihu. Kyaftin na zaune a kan jarka yana cin rake. Na ce, "Na yi maka fad naka na kanka. Ka zo ka gwada sau ɗaya. In ya ja ka waje, ka jefa shi a ruwa, ni kuma ba za ka sake ganina a nan ba."

"To da ka ce lafiyarsa lau?"

"Ka zo dai."

Ya zo, matuƙa na biye da shi, fuska ba annuri. Ya wanke hannu. Na miƙa mashi na ce, "Kada ka riƙe shi kamar gem. Riƙe shi kamar inji." Da farko abin dariya ne, ɗan wasansa yana yawo kamar ya sha wani abu. Ya buɗe baki zai fara zagi, sai na ga kafaɗarsa ta sauka. Ya gyara zama ya karkace gefe guda, yadda yake zama a bayan jirgi. Daga nan ɗan wasan ya miƙe.

Labari ya kai tashar kabu-kabu, sai ga Nasiru. Da ya ji abin da anka yi ya ce, "Oga Garba, wanga magudi ne, an yi mashi fad na asiri." Na ce ya karɓa ya buga da shi in yana so. Ya karɓa, ya ruga da ɗan wasansa kai tsaye cikin 'yan kallo, ya mayar ya ce a ba shi na mutane.

Sunka buga. Wasa ya sake zuwa ƙarshe Nasiru na gaba. Kyaftin ya jefa bakin layin dama. Na ga babban yatsansa ya zabura wajen layin, yadda ya saba. Ɗan wasan ya karkato ciki, ya miƙa hannu waje, ya ja yatsun ƙafa biyu a ciyawa. Alƙali ya nuna ta zauna. Ihun da matuƙan nan sunka yi sai da mai shayin tsallake ya leƙo. Wasan dai Nasiru ya ci shi, don jifa ta gaba Kyaftin ya saka ta a hannun mai tsaro. Ko a jikinsa. Ya ɗaga fad ɗin sama yana nuna wa mutanensa.

"Kun gani? Ban ce maku fad ɗin ne ba? Ga shi da ya gyara ai na cafke." Ya dafa kafaɗata da hannun nan nasa mai nauyi. "Garba, ka yi laifi, ka gyara, ya wuce. Ka yi wa yarana irinsa guda uku."

Gaskiyar maganar ta zo mini har baki. Na dubi benci, ya cika, wasu na tsaye a bakin bokiti suna jiran sabulu. Na ce, "To, Kyaftin. Kasuwa mai zuwa za ka same su."

Har yau a kwatar Warra abin da ake faɗa shi ne Garba Mai Gem ya taɓa ba baƙi fad mai ciwo, Kyaftin Manu ya kama shi, ya shiryu. Ni da na san ko wane ne mai ciwon ban taɓa musawa ba, kuma ba zan musa ba muddin jiragen nan na tsayawa ranar kasuwa. Wanda ke son buɗe gidan gem, ƙarfen soda zan iya koya mashi. Haɗiye magana kuwa sai dai ya zo da abinsa daga gida.